Gidan bulo a hanyar Argungu

Ruwan Agusta ya kayar da katangar gidanmu ta gabas, shi ya sa na yi sammako daga Birnin Kebbi zuwa Argungu in ga ɓarnar, in kuma yi cinikin bulo. Tun kafin mu kai Ambursa nake ta hango gidajen bulo a bakin titi, ga tulin yashi, ga tankin ruwa, injin yana ƙugi, wani yaro yana bin sahu yana ba sabon bugu ruwa.

Dattijon da ke gefena a mota magini ne, tafin hannunsa duk kanta. Na ce, "Baba, wurin da ake yin tubali fa, shi ma gidan bulo za a ce masa?"

Ya girgiza kai. "A'a ɗana, tubali ba shi da gida. Inda za ka yi gini, nan ake yinsa."

Ya ce a mahaƙa ake ɗebo ƙasa, a kwaɓa ta da bunu, a tattake da ƙafa, a bar ta kwanaki ta tsima. Sannan a riƙa mulmulawa da hannu, gindi da faɗi, kai da tsini, rana ta busar. Ramin da aka bari shi ke zama kududdufi idan damina ta sauka. Ko masu bulon ƙasa, da ke zubawa a akwatin katako, ba ya jin ana kiran wurinsu gida.

Sai a lokacin na lura da aikin da "gida" ke yi a kalmar. Irin na gidan mai ne da gidan burodi, wato wuri tsayayye da ake zuwa da kuɗi a saya. "Bulo" kuwa aro ne daga Turanci, da siminti ya shigo bakinmu. A rediyo za ka ji masana'antar bulo ko kamfanin bulo, amma ka faɗa wa ɗan acaɓa haka ka ga yadda zai tsaya yana kallonka. Ni gidan bulo ta fi kwanta mini, don ita leburori da direbobin tifa ke faɗa.

A Argungu mun wuce ta gaban gidan tarihi na Kanta, ginin 1831 da sarakunan Kabi suka zauna a ciki har 1942. Raina ya sosu da na tuna katangarmu ta siminti ko shekara goma ba ta cika ba.

Baba bai bar ni na tafi ni kaɗai ba, har gidan bulon ya raka ni. Ya ɗauki bulo mai inci tara guda, ya murza gefensa da babban yatsa, yashi ya zubo.

"Sun ja buhun siminti ya yi tsawo," in ji shi. "Mu tafi gaba."

A gida na uku ya ƙwanƙwasa wani da tsakuwa, ya kara kunne, sannan ya ce in yi ciniki.