Godiya ga waɗanda suka tsaya mini

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziƙi. Alhamdu lillahi, jiya na koma ganin likita, ta duba ta ce wurin da aka yi mini aiki a bakin mahaifa ya warke sarai. Shi ne na ce ba zan bar wannan godiya a ciki ba.

Waɗanda suka ga na rame kwanakin baya, ga dalili. Na je awon bakin mahaifa, sakamako ya fito an ce an ga canji, sai an sake dubawa da na'urar kolposkofi. Ni dai “kansa” kawai kunnena ya ji. Na naɗe takardar na cusa ƙarƙashin katifa, mako biyu ban gaya wa kowa ba.

Godiyata ta farko ga Yaya, wadda ta tsinci takardar tana gyaran gado. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi, “Ɗauko hijabinki, ƙanwata, ciwon da aka ɓoye shi ke kisa.” Ita ta biya kuɗin adaidaita, ita ta zauna a benci tun bakwai na safe.

Sai sistar da ta karɓe ni. Ta ga jikina na ɓari, ta nuna mini na'urar tukuna: abin hange ne mai fitila, a waje yake tsayawa, ba ya shiga jiki. Ƙarfen da ake buɗe gaba da shi ne kawai ke da sanyi da ɗan takura. Likita ta shafa ruwan khal, ya ɗan yi zafi-zafi. Ashe inda ya sami matsala fari yake komawa. Daga nan ta tsinko ɗan nama, bai kai ƙwayar shinkafa ba, na ji kamar mintsini. Minti 20 ba su cika ba an gama. Kunyar da na kwana ina ji ta fi aikin kansa nauyi.

Jiran sakamakon naman ne ya fi komai wuya. Da ya fito, CIN 2 ne, wato canjin da bai zama ciwon kansa ba. Likita ta ce ƙwayar cutar HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, ke jawo shi, kuma yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya rikiɗe. Ta kuma ja mini kunne kada in je gida da zargi, don ƙwayar kan daɗe a jiki ba a sani ba. Wallahi da ba ta faɗa ba, da maigida ya sha tambayoyi. An cire wurin da aikin LEEP, wato yanke shi da siririyar waya mai lantarki, ranar na dawo gida.

Maigida, na gode da haƙurin mako huɗun da likita ta gindaya, ko sau ɗaya ba ka nuna gajiya ba. Abokiyar zamana, kin riƙe girkina da yarana, kuma kin je kin yi naki awon. Allah ya bar zumunci.

Su Inna da Goggo, rubutu da addu'o'inku sun iso, na sha na kuma shafa.

'Yata mai shekara 11 na kai ta an yi mata rigakafin HPV, wanda aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta a Najeriya tun Oktoban 2023. A da ni ce na hana. An ba ni ranar komawa awo, Yaya ta riga ta rubuta ta a jikin kalandar ɗakinta.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bai wa marasa lafiyarmu lafiya.