Kwampaila biyu ne, ni kuma ɗaya na rubuta

A ƙaramin ɗakin koyarwarmu da ke Yantala, nan Yamai, ni na rubuta takardar da ɗalibai ke bi su harhaɗa kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura, na wani ƙaramin allon kwamfuta mai furosesa irin ta ARM. Kanel ɗin tsoho ne, 4.9 na shekarar 2016, yadda masu allon suka bar shi. A kan kwampaila, wato manhajar da ke juya rubutun shiri zuwa harshen na'ura, layi ɗaya kacal na sa: a girka kwampailar GCC na ARM, a ci gaba. A kwamfutata mai Ubuntu 18.04 komai yana tafiya lafiya, shi ya sa ban ga giɓin ba.

Ran nan wata ɗaliba ta kira ni: "Malam, na bi takardarka tiryan-tiryan, amma ya tsaya." Saƙon da ya fito yana cewa an bayyana wani suna a cikin rubutun shirin, yylloc, sau biyu. Yini guda muka kashe, ga zafin Afrilu, ga ɗaukewar wuta, ga kuɗin intanet da ta ƙona tana sake sauke abin da ba shi da laifi. Wannan ya dame ni ƙwarai, don na san da kyar ta haɗa kuɗin.

Ashe kwampaila biyu ne ke aiki. Na ARM shi ke harhaɗa kanel ɗin kansa. Amma kafin nan akwai ƙananan kayan aiki, irin su dtc mai sarrafa bayanin sassan allon, waɗanda GCC na kwamfutar da kake zaune gabanta ke harhaɗawa. Nawa GCC 7 ne, nata GCC 11 na Ubuntu 22.04. Tun daga GCC 10 na 2020 aka daina kau da kai idan an bayyana suna ɗaya a wuri biyu, tsohon dtc kuwa da wannan aibin ya zo. Da muka girka gcc-9 muka ƙara HOSTCC=gcc-9 a umarnin make mai fara harhaɗawa, don kayan aikin su bi ta GCC 9, sai ya wuce.

Daren nan na sake takardar. Na raba kwampailolin biyu, kowane da lambarsa da umarnin duba ta. Fayil ɗin changes.rst na kanel yana faɗin mafi ƙanƙantar lambar GCC da ake buƙata ne kawai, misali GCC 5.1 a Linux 5.15, don haka na ƙara mafi girman lambar da na gwada da hannuna, da ranar gwajin. Saƙon kuskuren ma na kwafe shi harafi da harafi, maganinsa a ƙasa.

Kafin in raba wa sauran, ɗalibar nan na miƙa wa, ta bi ta daga farko a kan sabuwar kwamfuta, ni ina gefe ban ce uffan ba. Ta gano wuri biyu da har yanzu na tsallake.