Tambayar Baffa a kan Frankel

Yau da la'asar na je gaida Baffa a tsohon gidanmu na cikin garin Sakkwato, na iske shi zaune kusa da turken akawalinsa da ya mutu bara. Don in ɗebe masa kewa sai na nuna masa bidiyon wani dokin sukuwa mai suna Frankel a wayata, sukuwar 2000 Guineas ta 2011 a Newmarket ta Ingila, inda dokin nan ya fice gaba tun daga tashi, sauran suka bi ƙurarsa har ƙarshe. Baffa ya riƙe wayar da hannu biyu, bai ce uffan ba sai da ya kalla sau uku. Na ce masa sau 14 dokin ya shiga sukuwa, ba a taɓa cinye shi ba, kuma a lokacin na Yarima Khalid Abdullah ne na Saudiyya. Wannan duk bai dame shi ba. Ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, ya bar iri?"

Na ce ƙwarai kuwa Baffa, tun da ya bar sukuwa a 2012 aka ajiye shi don barbara, ɗansa Adayar ma ya ci babbar sukuwar Derby ta Ingila a 2021. Sai ya yi murmushi, ya ce alhamdulillahi, kamar dokin gidansa ne. Daga nan ya juya ya daɗe yana kallon turken. Akawalin nan ya yi hawan Sallah da shi shekara da shekaru, amma ko ɗa ɗaya ba mu samu daga gare shi ba. Tun da na dawo gida abin ke cin raina, domin ni ne na yi ta cewa a bari sai baɗi a nemo goɗiya.