Daren da na ci tukwicin kilo 10

Ranar da na fara rage ƙiba, sikeli ya nuna kilo 96. A daren na rubuta a bayan ɗan littafin da nake lissafin nauyina cewa duk ranar da na ga 86, zan je gidan abinci in ci abin da raina ke so, ba awo ba ƙirge. Likita ce ta ba ni lambar. Ta ce mai hawan jini irina, in ta sauke kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinta, takan ga sauyi a awon jini da na sukari, kuma kada in yi gaggawa, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya wadatar. Sai da na yi wata bakwai kafin in kai. A tsakiya akwai mako uku cur da lambar ta kafe, ta ƙi motsi, kuma alkawarin nan ne ya riƙe ni a lokacin. In na kwanta cikina na ƙugi, sai in ta jera abin da zan ci a ranar har barci ya ɗauke ni.

Da safen da na ga 85.9, ban ko sauka daga kan sikelin ba na kira yayata. Muka sa lokaci ƙarfe takwas na dare. A nan na tafka kuskuren farko: na ƙi karyawa, na ƙi cin na rana, wai ina tara wa abincin dare wuri. Muna zama hannuna na rawa saboda yunwa. Kafin ma'aikacin ya dawo da abin da muka ce a kawo, na cinye burodin da aka ajiye mana da man shanu. Sannan aka kawo gasasshen nama da narkakken cuku a kai, da tulin soyayyen dankali, da lemon kwalba mai sanyi.

Ba zan ɓoye daɗin ba. Lomar farko, gefen naman ya ɗan ƙone yana ƙamshin hayaƙi, cukun yana jan zare daga cokali, dankalin da zafinsa, gishiri na manne a yatsuna. Na lumshe ido. Wata bakwai rabon da harshena ya taɓa maiƙo irin wannan. Amma da na kai rabin faranti, sai ɗanɗanon ya dushe, hannuna kuwa bai tsaya ba. Yayata ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, ajiye cokalin nan ki sha ruwa, ba mai ƙwace miki." Na ce, "Yaya, wata bakwai nake jiran farantin nan." Na share shi tas, na ɗora da kek ɗin cakulan da askirim, alhali na ƙoshi tun tuni. Daren nan ƙwannafi da ƙishirwa suka hana ni runtsawa.

Washegari sikeli ya nuna 87.4. Na zauna a bakin gado na yi kuka sosai, don a ganina wahalar mako uku ta tafi a zama ɗaya. Abin da ya biyo baya shi ne ainihin ɓarnar. Zuciyata ta ce tunda an riga an ɓata, a ƙarasa. Kwana uku ban fita tattaki ba, ban buɗe littafin ba, duk abin da na gani sai in kai baki.

Yayata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ita ta zaunar da ni da biro da takarda. Ta ce kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wajen 7,700. Ke nan kafin mutum ya tara kilo ɗaya da rabi na kitse, sai ya ci sama da kalori 11,000 a kan abin da jikinsa ke buƙata. Muka ƙiyasta abincin daren, muka cika masa mudu, muka ce 2,500. Ko da duk ya zama kitse, bai wuce sulusin kilo ba. Sauran fa? Ruwa ne da abincin da bai gama wucewa ba. Jiki yana adana sitaci da sukari a hanta da tsoka a matsayin gilaikojin, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe ruwa wajen giram 3. Ga gishiri, wanda shi ma ke sa jiki ya tsare ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, ni kuwa ƙishirwar daren nan kaɗai ta ishe ni shaida cewa na zarce. Da na koma tsarina washegari, da cikin 'yan kwanaki lambar ta sauko da kanta. Kwana ukun da na yi ina hukunta kaina da ci su suka ja na ƙara mako biyu kafin in sake ganin 86.

Ta kuma faɗa mini abin da ya sanyaya mini rai. Jikin da ya sauke nauyi yakan rage sinadarin leftin mai sanar da ƙoshi, ya ƙara girelin mai tayar da yunwa. Wato kwaɗayin da na ji a teburin nan ba lalacewar hali ba ce. Jiki ne ke neman abin da ya rasa, ni kuma na ƙara masa da wunin yunwa.

Abin da na fi daɗewa ina juyawa shi ne kalmar tukwici kanta. Tun ranar farko na raba abinci gida biyu ba tare da na lura ba: na kullum ya zama horo, na gidan abinci ya zama sakayya. Wanda ya ɗauki abincinsa na yau da gobe a matsayin horo kuwa, ranar da aka buɗe masa ƙofa ba zai san inda zai tsaya ba. Duk da haka ban yi nadamar fitar ba, kuma ba na goyon bayan masu cewa mai rage ƙiba ya haramta wa kansa gidan abinci. Alkawarin ya yi mini rana a makonnin da na kusa sarewa. Ɗora masa nauyin wata bakwai ne bai dace ba.

Yanzu ina fita cin abinci sau biyu a wata, ko lamba ta sauka ko ba ta sauka ba. Ina karyawa, ina cin na rana, in zaɓi abu ɗaya da nake marmari da gaske, kuma ba na hawa sikeli sai bayan kwana uku. Da na kai 81, takalmin tattaki na saya wa kaina, don tsohon ya cinye ta dunduniya. Ranar da na fara sa shi, muka koma gidan abincin nan ni da Yaya, muka zauna a teburin da ke kusa da taga. Na sake neman naman nan mai cuku. Da na ci rabi na ce a naɗe mini sauran, muka nemi kek ɗaya da cokali biyu.