Inda na kai da sabar tattara log

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Ga inda aikin haɗa saba ɗaya da za ta riƙa tattara log na duk na'urorina ya kai zuwa yanzu. Log shi ne bayanan da na'ura ke rubutawa kan abin da ke faruwa a cikinta.

Sabar ta tsaya da ƙafafunta. Tsohuwar kwamfuta ce na ɗora mata Debian 12, kuma ku sani wannan fitowar ba ta zuwa da rsyslog, manhajar da ke karɓa da tura log, sai mutum ya girka shi da kansa. Buɗe mata kunne ba wani aiki ba ne. A cikin /etc/rsyslog.conf na kunna imudp da imtcp, sassan da ke karɓar saƙo ta hanyoyin sadarwa biyu, UDP da TCP, a kan ƙofa ta 514, na duba saitin da rsyslogd -N1, sannan na sake tayar da shi. A sauran na'urorin layi ɗaya ya wadatar: alamar @ ɗaya kafin adireshin sabar tana nufin UDP, biyu kuma TCP.

Gwajin farko shi ne ya fi burge ni. Na bar tcpdump -A, manhajar da ke nuna abin da ke wucewa a layi, yana sauraron ƙofa ta 514 a sabar, na koma ɗaya na'urar na buga logger "gwaji", umarnin da ke rubuta saƙo a log. Nan take saƙon ya bayyana, da <13> a gabansa. Wannan lambar ba ado ba ce. Ana ninka lambar sashen da ya turo saƙon sau 8, a ƙara matakin tsananinsa, wanda ke tafiya daga 0 mafi muni zuwa 7. Sashen mai amfani 1 ne, sanarwa kuma 5, ga 13 ke nan. Ku riƙe wani abu kuma: tcpdump yana ganin saƙo tun kafin katangar tsaro ta yanke masa hukunci. Saboda haka in kun gan shi a can amma bai shiga fayil ba, ku fara da binciken katangar, sannan izinin foldar da ake rubutawa.

Sai maganar da na fi so mu tsaya a kanta. Saƙo ya iso sabar, wannan abu ɗaya ne. Ka iya dogara da shi ranar da wata na'ura ta faɗi, wannan wani abu ne daban, kuma shi ne dalilin yin aikin gaba ɗaya.

UDP ba ya waiwaye. In sabar tana kashe ko hanya ta cushe, saƙon ya tafi ke nan, babu mai sanar da kai. Na bar shi ne kawai don rauta da ba ta san wata hanya ba. Sauran duk na mayar da su TCP, na kuma ba kowace na'ura layin jira, inda saƙonni ke taruwa in sabar ba ta amsa ba: queue.type="LinkedList", da queue.filename domin abin da ya yi yawa ya sauka a diski, da action.resumeRetryCount="-1" domin kada ta gaji da sake gwadawa, da queue.saveOnShutdown="on". Na zare wayar sabar da gangan, na ci gaba da tura saƙonni masu lamba a jere, na mayar da wayar. Saƙonnin da suka taru suka kwararo, amma 'yan kaɗan na daidai lokacin yankewar ba su zo ba. Haka TCP yake: rsyslog ya miƙa su, ya ɗauka sun isa. Don toshe wannan ɓarakar ce Rainer Gerhards, mai rsyslog, ya samar da wata hanyar turawa mai suna RELP, inda sabar ke amsa karɓar kowane saƙo. Ga log na shiga da fita ta SSH, wato shiga na'ura daga nesa, ni dai RELP zan koma.

Agogo ma babbar magana ce. Tsohon tsarin saƙon log da takardar RFC 3164 ta bayyana a 2001 ba ya ɗauke da shekara, ba ya ɗauke da yankin lokaci, kuma shi ne rsyslog ke turawa in ba ka ce masa komai ba. RFC 5424 ta 2009 ta gyara wannan, har da ɓangaren daƙiƙa. Na sa template="RSYSLOG_SyslogProtocol23Format" a wajen turawa, na girka chrony, mai daidaita agogo, a ko'ina. In agogon na'ura biyu ya saɓa da minti ɗaya kacal, za ka karanta sakamako kafin sanadinsa, ka ɓata dare kana bin sawun da ba shi ba ne.

Game da raba fayiloli, na fara da %HOSTNAME%, wato kowace na'ura da foldarta. Sai dai sunan nan na'urar ce ke faɗar sa da bakinta. Raspberry Pi biyu da ba a sauya musu suna ba duk raspberrypi za su ce, su haɗu a fayil ɗaya. Ku sauya sunayen, ko ku yi amfani da %FROMHOST-IP%, wato adireshin da saƙon ya fito. Kada kuma ku manta da rubuta stop bayan dokar raba fayilolin, in ba haka ba saƙonnin baƙi za su sake zubewa cikin log na sabar kanta.

Na saita logrotate ya riƙa matse tsofaffin fayiloli, wannan bai ɗauki lokaci ba.

Abin da ya rage shi ne ɓoye saƙonnin a hanya, don yanzu a fili suke tafiya, duk mai sauraron layin zai karanta sunayen masu shiga. TLS, tsarin da ke yin wannan ɓoyewar, a ƙofa ta 6514 shi ne aiki na gaba, kuma zan fara da haɗa takardun shaida na sabar da na kowace na'ura. Wanda ya riga ya haɗa RELP da TLS a cikinku, ina son jin yadda ya tsara sabunta takardun kafin wa'adinsu ya cika.