Wasiƙa daga Liyon ta Faransa: takardun kare, sabulu da minti 15

Assalamu alaikum ƴan uwana na Maradi, daga Mokoyo zuwa Bagalam, daga Ɗan Gulbi har Ali Ɗan Tsoho. Ina gajiya, ina iyali, ina kasuwa. Gaisuwar ta tsaya nan, don magana na da yawa.

Tambayoyi biyu ke ta dawowa a WhatsApp, kowa da irin salon da zai yi su. Ta farko, wai da gaske ne kare na da fasfo a Faransa? Ta biyu, daga masu farauta da masu sha'awar dogon karen Azawak, ana iya shigo da kare daga Nijar? Zan amsa duka a wuri guda. Zan kuma taɓo cizon kare, da abinci, da ranakun da ake ware wa dabbobi, da kaji da jakuna in takarda ta rage.

E, da gaske ne. Amma kafin fasfo akwai lamba. Doka ta wajabta a yi wa duk karen da ya wuce wata 4 da duk magen da ta wuce wata 7 shaida, haka ma duk wanda za a sayar ko a bayar kyauta. Likitan dabbobi ne ke sa wata ƴar ƙwaya mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, gefen hagu na wuya, da allura mai kauri. Ba batir a cikinta, kuma ba ta nuna inda kare yake, sabanin abin da mutane ke zato. Lamba ce kawai mai alƙaluma 15, na Faransa suna farawa da 250, sai an goga na'ura a wuyan ta fito. Lambar tana cikin kundi guda na ƙasa tare da sunan mai dabbar da adireshinsa. Abin dariya, sunan da Faransawa ke kiran wannan ƙwaya shi ne sunan da suke kiran ƙuma. Wato sai an sa wa kare ƙuma guda kafin a fara yaƙi da sauran.

Ba a nan takarda ta ƙare ba. Tun 1 ga Oktoba 2022, wanda zai ɗauki kare ko mage sai ya sa hannu a takardar alkawari cewa ya san abin da dabbar ke buƙata da kuɗin da za ta ci, sannan ya jira kwana 7 kafin a miƙa masa ita. Tun farkon 2024 an hana kantunan dabbobi jera karnuka da maguna don sayarwa. Wanda ya gaji da karensa ya yar da shi bakin hanya, in an kama shi hukuncin na iya kai ɗaurin shekara 3 da tarar yuro 45,000, kusan sefa miliyan 29 da rabi. Ku lissafa jajayen awakin Maradi nawa ke nan.

Masu son kawo kare daga gida, ga tsarin, kuma tsarin ne ke kayar da mutane, ba kuɗin ba. Ƙwayar lamba ce farko. In aka yi allurar haukan kare kafin a sa lamba, allurar ba ta cikin lissafi, sai an sake. Ba a yin allurar sai ɗan kwikwiyo ya kai mako 12. Bayan allura a jira aƙalla kwana 30, a ɗebi jini, a aika ɗakin binciken da Tarayyar Turai ta amince da shi, don a ga ko jikin ya karɓi rigakafin. Ma'aunin garkuwar da ake nema a jinin 0.5 ne ko sama. In ya ci, a sake jiran wata 3, kuma daga ranar da aka ɗebi jinin ake ƙirgawa, ba daga ranar da sakamako ya fito ba. Sai takardar lafiya daga likitan gwamnati, wadda kwana 10 kawai take aiki kafin a iso bakin iyaka. Ku haɗa: wata 3, da wata 1, da wata 3. Ba karen da zai shigo daga Nijar bisa ƙa'ida bai kai wata 7 ba. Duk wanda ya ce muku zai shigo da ɗan kwikwiyo mai wata 2 cikin jaka, neman fitina yake, don ana iya mayar da dabbar, ko a tsare ta da kuɗin mai ita, ko a kashe ta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san abin da wasunku ke cewa: Nasara ya rasa abin yi, mutum na neman biza bai samu ba, kare na da fasfo. Akwai gaskiya a ciki. Akwai almubazzaranci a nan wanda ba ya da kai, rigunan kare da bikin ranar haihuwarsa da sauran shirme, ban ba kowa shawarar koyi da shi ba. Amma takardun nan ba son kare ya kawo su ba, tsoro ya kawo su. Tun 2001 aka tabbatar Faransa ta rabu da haukan kare a dabbobin da ke tafiya a ƙasa, kuma ƴan lokutan da ya sake ɓulla, dabba ce aka shigo da ita ta bayan fage. Duk tarin takardun amsar tambaya guda suke nema: karen da ya ciji yaron nan na wane ne, kuma yaushe aka yi masa allura? A Maradi ba a buƙatar na'ura don a amsa wannan. Ɗan kati ya isa, mai ranar allura da lambar kwalba da hatimin ma'aikatar kiwo, a ajiye shi inda ake ajiye katin awon yara.

To, cizon kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da ciwon haukan kare duk shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kashi 99 cikin 100 daga kare, kuma 4 cikin kowane 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawu. Ba ta bin jini, jijiya take bi a hankali har ƙwaƙwalwa, shi ya sa ciwon kan ɗauki wata 2 ko 3 kafin ya nuna, wani lokaci mako 1, wani lokaci shekara. Wannan jinkirin ne ke yaudarar mutane. Miki ya warke, an manta, sai wata rana yaro ya kasa haɗiyar ruwa. Daga nan ba magani, ba a Maradi ba, ba a Yamai ba, ba a nan Liyon ba. Cizon fuska da wuya da yatsu ya fi sauri, don jijiyoyi sun fi yawa ko hanyar ta fi kusa, kuma nan ne kare ke samun ƙaramin yaro.

Abin yi na farko ba ya buƙatar ko dala. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, a duba agogo, don minti 15 na da tsawo in yaro na kuka. Ba famfo? Wani ya riƙa zubawa da buta, wani na cuɗawa, ko sabulun wanki ne. Ƙwayar cutar tana da rigar kitse, sabulu na narkar da ita. Bayan nan a zuba Bétadine ko alkol. Kada a sa toka, ko barkono, ko baƙin mai, ko garin magani, kada a ɗaure da tsumma, kada a matsa wa ma'aikacin lafiya ya ɗinke nan take. Sannan a hau kabu-kabu zuwa gidan likita a ranar, ba gobe ba. Yaƙushi ma cizo ne a wannan lissafi, haka lasa a kan miki ko a ido.

Allurar mutane ba guda ɗaya ba ce, kuma a nan ake yawan faɗuwa. Wani tsarin allura 2 ce ranar farko, ɗaya a kowane dantse, sai 1 a kwana na 7, sai 1 a kwana na 21. Wani tsarin ranar farko, kwana na 3, na 7, sai ta ƙarshe tsakanin kwana na 14 da na 28. Akwai kuma na cikin fata, wuri 2 a ranar farko da kwana na 3 da na 7, wanda ke rage yawan ruwan allurar da kuɗinta. Ko wanne likita ya zaɓa, a rubuta ranakun a takarda a cika su. A dantse ake yin ta, jarirai a cinya. Ba a yin ta a ɗuwawu, don kitsen wurin na hana ta aiki yadda ya kamata. Mai ciki da mai shayarwa duk ana yi musu. In haƙori ya huda fata har jini ya fito, a tambayi ƙarin ruwan garkuwa da ake tsirawa cikin mikin kansa, a kuma tuna da allurar tetanus.

Sai karen. Al'adarmu, kare na cizo samari sun bi shi da sanduna, kafin la'asar an jefa shi kwalbati. An huce haushi, an kuma kashe shaida. A nan doka ta ce duk karen da ya ciji mutum, ko yana da allura, a kai shi wajen likita sau 3: cikin awa 24, a kwana na 7, da kwana na 15, kuma an hana mai shi ya kashe shi ko ya rabu da shi cikin kwanakin. Dalilin: karen da ke zubar da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizo ba ya wuce kwana 10 bai nuna ciwo ko ya mutu ba. In karen gida ne kuma ana iya kama shi ba tare da wani ya sake shan cizo ba, a ɗaure shi da sarƙa a inuwa, a tura masa ruwa da abinci daga nesa, a sa ido. Amma ba a jiran sakamakonsa kafin a fara allurar mutum. A fara, in ya cika kwanakin lafiya lau likita na iya cewa a tsaya. In dole ta sa an kashe shi, kada a fasa kan, don ƙwaƙwalwar ake aunawa. A sanar da ma'aikatar kiwo su ɗauka, kada yara su taɓa.

Wani abu da makiyayan wajen Dakoro da Mayayi ya kamata su riƙe: ba kowane mahaukacin kare ke hargagi ba. Wani lafewa yake, muƙamuƙi ya saki, yawu na dalala, sai a ce ƙashi ya maƙale masa a sa hannu a ciro. Saniya da jaki da akuya ma haka suke yi, a ce wani abu ya tsaya musu a maƙogwaro. Kada hannu ya shiga bakin dabbar da ke dalalar da yawu ba a san dalili ba.

Rigakafin kare mililita 1 ne a ƙarƙashin fata daga wata 3, a maimaita duk shekara ko yadda takardar kwalbar ta ce. In an yi wa karnuka 7 cikin 10 na unguwa, cutar ba ta samun hanyar yawo. Kashe karnuka da guba ba ya yin wannan aikin, don wasu sabbi marasa allura ke cike gurbin, gubar kuma ta ci maguna da angulaye. Abin da ke ɓata rigakafi a wajenmu zafi ne. Tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye shi, kuma daskarewa ma na lalata shi. Kwalbar da ta yini a aljihun mai tallan magani a kasuwar dabbobi ba abin dogaro ba ce. A duba an ciro ta daga firiji ko kular ƙanƙara, a duba ranar ƙarewarta.

Batun abinci abu biyu kawai zan faɗa. Ranar layya, in an ga hanta ko huhun rago da ƙulli mai ruwa kamar ƙwai, kada a jefa wa kare. Tsutsa ce, a cikin hanjin kare take girma, ƙwanta ya fita da kashi, ya hau hannun yaro, bayan shekaru a ga jakar ruwa a hantarsa sai an yi tiyata. A ƙone, ko a binne da zurfi, ko a tafasa minti 30. Maganinta a kare farazikwantel ne, miligiram 5 a kowane kilo na nauyinsa, wato ƙwaya mai 50 ga kare mai kilo 10. Na biyu, kada a ba mage farasitamol. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya guda mai 500 na iya kashe ta, za a ga dasashi ya yi duhu fuska ta kumbura. Maganin kaska na kare mai sinadarin famitirin ma guba ne gare ta.

Sanyin nan kuwa, Allah ya raba ku da shi. Gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara yana tsattsaga tafin kare, sai an wanke da ruwan ɗumi bayan kowace fita, kuma da safe akan buga murfin mota kafin a tayar don mage na kwana kan inji. Namu akasin haka ne. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, don haka karen da aka ɗaure a rana cikin watan Afrilu, ga digiri 40 da ɗoriya, yana iya mutuwa kafin azahar ta wuce. In ya faɗi yana haki, a kai shi inuwa a jiƙa masa ciki da hammata da ruwa mai sanyi, a yi masa fifita.

Ranakun da kuke gani a Facebook suna da yawa, ta mage 8 ga Agusta, ta dabbobi gaba ɗaya 4 ga Oktoba, ta likitocin dabbobi Asabar ɗin ƙarshe ta Afrilu. Wannan ta ƙarshe mutanen Liyon na ji da ita, don a garin aka kafa makarantar likitan dabbobi ta farko a duniya a 1761. Wadda ta shafe mu ita ce 28 ga Satumba, ranar yaƙi da haukan kare, da ake yi tun 2007. Ranar ce Luwi Fasto, masanin kimiyya ɗan Faransa, ya rasu a 1895, shi da ya fara gwada rigakafin a kan wani yaro ɗan shekara 9 a 1885. Mako biyu kafin ranar, mai unguwa ko ƙungiyar ƴan farauta su je ma'aikatar kiwo su tambaya ko za a yi allura, a ina, nawa, su kuma ƙirga karnukansu, don kwalba mai allura 10 ba a buɗe ta saboda kare guda.

Kaji da jakuna sai wata wasiƙar. A dai yi wa kaji rigakafin annoba kafin hunturu ya kama, ba bayan sun fara faɗuwa ba, kuma kazar da aka sayo kasuwa ta yi mako 2 a ware kafin ta shiga akurki. A gaida mutanen Tibiri da na Madarunfa.

Naku,
wani ɗan Maradi a Liyon