Gatari a Saman Silin

A zamanmu na masu karatu na wannan watan mun tattauna wani littafi da ya tattara labaran waɗanda suka tsira daga mahaukaciyar guguwar Katrina, wadda ta afka wa birnin New Orleans na Amurka ranar 29 ga Agustan 2005. Tun kafin a gama gaisawa gardama ta kaure kan tambaya ɗaya: me ya hana mutanen nan ficewa, alhali magajin garin, Ray Nagin, ya umarci kowa ya bar birnin kwana guda kafin isowarta?

Wani dattijo a cikinmu ya ce ganganci ne, wanda bai ji bari ba ai zai ji hoho. Ni ma da wannan ra'ayin na shigo, ba zan ɓoye ba. Sai wata malamar jinya ta buɗe kwafinta, wanda gefen shafukansa ya sha rubutun fensir, ta ce: "Baba, a wace motar za su fita?" Ta tuna mana cewa dubban gidaje ba su da mota, wata ya yi nisa, aljihu ya bushe, ga kuma tsofaffi da majinyata waɗanda ba sa ɗaguwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba iskar ce ta yi mafi yawan ɓarnar ba. Ganuwar da ke tare ruwa ce ta fashe a wurare da dama, har kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin ya nutse, a daidai lokacin da wasu suka ɗauka sun riga sun sha. Ruwa ya kora mutane zuwa saman silin, ya bi su can. Wanda ya ajiye gatari a wurin ya sare rufin ya fito yana ɗaga hannu ga masu ceto, da yawa kuwa daga waɗanda ba su ajiye ba a ciki aka tarar da gawarwakinsu. Wannan dabarar tun guguwar Betsy ta 1965 iyaye suke gadar wa 'ya'yansu ita, shekara arba'in cur.

A kan gatarin nan muka cinye lokacinmu, ba mu ko taɓo labarin waɗanda suka fake a filin wasa na Superdome ba, sai zama na gaba. Da muka tashi, dattijon ya roƙi malamar ta ara masa kwafinta, ya ce rubutun fensir ɗin yake son karantawa.